Ginin Masallacin Unguwa a Katsina da Daura: Amsoshin Tambayoyin 'Yan Kwamiti

Duk wanda ya zaga sababbin unguwannin da ke bayan ganuwar Katsina, ko waɗanda ke kewaye da Daura, zai ga masallatan da suka tsaya a linta. Bango ya tashi, rodi ya yi tsatsa a kan ginshiƙai, jama'a na salla a rumfar kwano a gefe shekara da shekaru. Galibi masu bayarwa suna nan. Abin da ya faru shi ne an fara haƙa tun ba a san nawa aikin zai ci ba, ba a san sunan wa ke kan takardar fili ba, ba a kuma tsayar da wanda zai riƙa ba magini umarni ba. Amsoshin da ke ƙasa na masallacin unguwa ne mai ɗaukar mutum ɗari biyu zuwa ɗari biyar, amma yawancinsu sun shafi ginin makarantar Islamiyya, har da na coci.

Wani bawan Allah ya ba mu fili. Da me za mu fara?

Da takarda, tun mai bayarwa yana raye kuma yana cikin hayyacinsa. A rubuta cewa ya bayar da filin wakafi don masallaci, a faɗi iyakokinsa ta kowace kusurwa, shi da shaidu da mai unguwa su sa hannu. Idan filin gado ne, amincewar babban wa kaɗai ba ta isa ba. Kowane magaji sai ya sa hannu, har da mata da ke gidajen aurensu da wanda ke zaune a Legas ko Maraɗi. Idan akwai rabon maraya a ciki, a bi ta kotu. Rigimar da ke tsayar da gini bayan an zuba miliyoyi yawanci daga nan take tasowa.

Sai a kira safiyo ya auna, ya kafa duwatsun iyaka na siminti, ya fitar da taswirar filin. A ƙarƙashin dokar filaye ta 1978, takardar mallakar filin birni daga gwamna take fitowa ta hanyar ma'aikatar filaye, ta filin ƙauye kuma daga ƙaramar hukuma. Kada takardar ta fita da sunan shugaban kwamiti ko liman, komai amanarsa, domin ranar da ya rasu ta zama cikin abin da magadansa za su duba. Hanyar da ta fi ita ce a yi wa amintattun masallacin rajista a hukumar CAC mai rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, ƙarƙashin sashen F na dokar kamfanoni ta 2020. Ana buga sanarwa a jarida a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. Da wannan rajistar masallacin zai mallaki fili da asusun banki da sunansa.

Kafin nan ma a tabbatar filin ba hanya ba ne a taswirar gwamnati, ba ya kan magudanar ruwa, ba ya ƙarƙashin babban layin lantarki. Idan a bakin titin tarayya yake, ana barin kimanin mita 45 daga tsakiyar titin.

Masallaci ma sai an nemi izinin gini?

Ƙwarai. Ana kai zanen gini da taswirar safiyo da takardar fili ga hukumar tsara birane ta jiha, ta duba ta buga hatimi. Kasancewarsa ɗakin Allah ba ya hana a shafa masa jan fenti idan ya shiga hanya. Idan kuma ana nufin a riƙa Juma'a, wannan izini ne daban, wanda a al'ada ake bi ta mai unguwa da dagaci da hakimi har zuwa majalisar masarautar Katsina ko ta Daura. A nemi wannan tun kafin zane, don girman ginin da yawan banɗakuna sun dogara da amsar.

Mutum nawa ya kamata su kasance a kwamitin gini?

Biyar zuwa bakwai: shugaba, sakatare, ma'aji, mai kula da kaya, liman ko wakilinsa, da mutum ɗaya da ya san gini. A sa mace ko a riƙa tuntuɓar mata a kan sashensu, domin su suka san inda matsalarsa take.

Ƙa'idar da ta fi kowace muhimmanci: mutum ɗaya ne ke magana da magini. A wurin ginin masallaci kowa na jin yana da haƙƙi. Alhaji ya biyo bayan la'asar ya ce a ɗaga taga, wani ya zo da safe ya ce a matsar da ƙofa, magini kuwa ba zai iya musa wa dattijo ba. A ajiye littafi a wurin aiki. Duk canjin da ba a rubuta a ciki da sa hannun wakilin kwamiti ba, ba a yi shi, ba a kuma biya.

Ta yaya za mu san girman da ya dace?

Mai salla ɗaya yana cin santimita 60 a faɗi da mita 1.2 a tsawo. Zaure mai faɗin mita 18 ta bangon alƙibla da zurfin mita 12 zai ba da sahu 10, kowane sahu mutum 30, jimla 300. Wannan awon ciki ne, ban da mihrabi da baranda. A sa tsawon ginin ya bi bangon alƙibla domin sahun farko ya ɗauki mutane da yawa.

A yi sati guda ana ƙirga mutanen magariba da isha'i don a san yawan masu zuwa kowace salla, a ƙara rabin adadin saboda unguwa na girma. Kada a yi lissafi da cikar tarawihi ko Juma'a. Wannan cikar haraba ce ke ɗaukarta: a daɓe ta, a yi mata rumfa, a ja mata layin sahu daidai da na ciki. Zauren da ya fi ƙarfin jama'arsa yana cinye kuɗin rufi, daga baya kuma ya ci kuɗin shara da fanka.

Yaya ake fitar da alƙibla daidai? Ba gabas ba ce kawai?

Ba gabas tsantsa ba ce. Daga Katsina da Daura, alƙibla tana kan digiri 70 daga arewa ta gaskiya, wato ta karkata daga gabas zuwa arewa da kimanin digiri 20. Mafitar rana ba ma'auni ba ce, domin tana matsawa kudu da hunturu ta dawo arewa da damina. Kwaikwayon masallacin maƙwabta ma ba hujja ba ce, sai an tabbatar shi ma an auna shi.

Kamfas na waya yana ruɗewa kusa da rodi, mota, ko turken lantarki. In za a yi amfani da shi, a gwada waya uku a tsakiyar fili nesa da ƙarfe. Hanyar da ba ta kuskure kuwa ita ce ta inuwa. Sau biyu a shekara rana tana tsayawa daidai saman Ka'aba: ranar 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 10:18 na safe agogon Najeriya, da ranar 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 10:27. A share wuri ya yi bai ɗaya, a kafa sanda miƙaƙƙiya a tsaye kyam, a gwada tsayuwarta da igiyar da aka ɗaura wa dutse. Da lokacin ya yi, a buga ƙusa a ƙarshen inuwar. Wanda ya tsaya a kan ƙusar ya fuskanci sandar, alƙibla yake kallo. Na Mayu ya fi sauƙi, don a Yuli hadari kan rufe rana. Idan ba za a iya jiran waɗannan ranaku ba, safiyo zai iya fitar da digiri 70 da na'urarsa.

Daga wannan layin ake fitar da bangon alƙibla, ya gitta shi daidai. Magina na tabbatar da kusurwar da awon 3, 4, 5: mita 3 a kan layi ɗaya, mita 4 a kan ɗayan, tsakaninsu ya ba da mita 5 cif. A kafa turaku biyu a cikin kankare a wajen inda za a haƙa, don turakun katako kan ɓace a ranar farko.

Tsakanin Katsina da Makka akwai kimanin kilomita 3,500, saboda haka kuskuren digiri ɗaya ya kai kusan kilomita 60 a can. Malamai sun yi bayanin cewa wanda ke nesa fuskantar sashen ya wadatar masa, don haka ƙaramin kuskure ba abin ta da hankali ba ne. Amma idan aka bi iyakar fili aka gina sannan aka karkata darduma daga baya, kowane sahu zai rasa mutum biyu ko uku a gefe, kuma maganar ba za ta taɓa mutuwa a unguwa ba.

Muna da gogaggen magini. Dole ne sai mun biya mai zane da injiniya?

Dole ne, kuma nan ba wurin tsimi ba ne. Gogewar magini a ɗakunan gida take, masu faɗin mita 3 ko 4. Zauren da ke da mita 12 ba ginshiƙi a tsakiya, mutum 300 a ƙarƙashinsa, wani lissafi ne daban. Ana buƙatar mai zanen gini mai rajistar ARCON (hukumar rajistar masu zanen gini), injiniyan da zai lissafa ƙarfe da kankare mai rajistar COREN (hukumar kula da aikin injiniya), da mai ƙididdigar kaya da kuɗi. Da wuya a rasa irin waɗannan a cikin masu salla ko 'ya'yan unguwa, kuma da yawa za su yi fi sabilillahi. Ko da kyauta suka yi, su sa hannu su buga hatimi, su kuma yarda za su zo duba rodi kafin kowace zubar kankare.

A zana ginin gaba ɗaya tun farko, har da abin da ba za a gina ba sai nan da shekara goma. Idan akwai niyyar ɗora bene, injiniya ya sani tun yau. Ɗora bene a kan tushen da aka yi don hawa ɗaya yana cikin manyan dalilan rushewar gini.

Me ya kamata mu duba a zanen kafin mu amince?

Ƙofofi su kasance a baya da gefuna, domin wanda ya makara ya shiga ba tare da ya ratsa gaban masu salla ko ya tsallaka wuyan mutane ba. A bangon alƙibla ƙaramar ƙofar liman kawai ake bari, kusa da mumbari. Manyan ƙofofi su buɗe ta waje, faɗinsu ya kai mita 1.5 zuwa 1.8. Idan ginshiƙai sun zama dole a cikin zaure, tazararsu daga bangon alƙibla ta dace da awon sahu, mita 3.6 ko 4.8 misali, don kada su yanke sahu a tsakiya.

Tsayin silin ya kai mita 4.5. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, wannan tsayin da tagogi masu fuskantar juna a kudu da arewa sun fi ƙarin fanka amfani, musamman in babu wuta. A ƙara ƙananan tagogi can sama kusa da silin don iska mai zafi ta fita, a sa musu raga saboda tantabaru da jemagu. Bangon gabas kada a yawaita masa taga: ranar safe na dukansa, kuma ta nan ruwan farkon damina ke zuwa da iska.

Sashen mata ya samu ƙofarsa da wurin alwalarsa da banɗakinsa, kada a mayar da shi ɗakin ajiyar tsofaffin tabarmi. A yi gangara a ƙofa ɗaya saboda masu keken guragu da tsofaffi, hawan santimita 10 a kowane tsawon mita 1.2. Matakala kuma kada tsayin kowace ya wuce santimita 15.

Filinmu tsohon kududdufi ne da aka cike. Za a iya gini a kai?

Za a iya, amma da tsada, kuma ba tare da gwajin ƙasa ba kada a fara. Tsofaffin unguwannin Katsina da Daura cike suke da kududdufan da aka haƙi ƙasar gini a cikinsu, daga baya shara ta cike su. Shara tana ruɓewa tana lotsawa a hankali, ginin da ke kanta ya bi ta, bango ya tsage daga kusurwar taga zuwa ƙasa. Kafin a karɓi kowane fili a tambayi dattawan wurin abin da ke nan da can, a kuma haƙa ramuka uku ko huɗu masu zurfin mita 1.5 a gani da ido. In an tarar da leda da toka da tsumma, a ci gaba har sai an kai ƙasar asali. Baƙar laka ta fadama ma abar tsoro ce, tana kumbura da damina ta tsattsage da rani.

A ƙasa mai kyau, jar ƙasa ko jigawa mai tauri, fandishon bangon bulo mai inci 9 yakan kai zurfin santimita 90 zuwa mita 1.2, da kankare mai faɗin santimita 67 da kaurin 22. Ginshiƙai kuma kowane da nasa gindin yadda injiniya ya zana. Daɓen masallaci ya ɗara titi da aƙalla santimita 60, domin duk sanda aka gyara titi ɗagawa yake yi. Cikon da ke ƙarƙashin daɓe a zuba shi kashi-kashi, santimita 15 a kowane zubi, a jiƙa a daddaɓe da inji. Wanda aka juye tifa guda aka baje shi ne ke sa tayil ya lotsa a tsakiyar zaure bayan damina biyu. A fesa maganin gara, a shimfiɗa leda mai kauri, sannan a zuba kankare.

Ta yaya wanda ba magini ba zai gane ana ha'inci a bulo da kankare?

Bulo mai inci 9 da zai ɗauki nauyi kada ya wuce 30 zuwa 35 a buhun siminti. Wanda aka buga 50 a buhu, ka murza gefensa da yatsa za ka ga yashi na zuba. A ɗaga ɗaya zuwa ƙirji a sake shi a ƙasa mai tauri. Mai kyau zai tsaya ko ya rabu biyu, marar kyau zai watse. Ana lissafa bulo 10 a kowane murabba'in mita na bango, don haka zauren mita 18 da 12 mai tsayin 4.5 zai ci kimanin 2,200 daga daɓe zuwa sama bayan an cire ƙofofi da tagogi. Ya fi a buga a wurin aiki, a yi ta ba shi ruwa safe da yamma har sati guda.

Kankaren ginshiƙi da linta da dakin (rufin kankare), mafi ƙarancinsa shi ne buhun siminti ɗaya, kwanon sarki (kwanon da lebura ke ɗiban kaya) huɗu na yashi, takwas na tsakuwa, sai in injiniya ya rubuta wanda ya fi haka ƙarfi. Da wannan haɗin kubik ɗaya na cin buhu shida da ɗoriya, wato daɓen wancan zauren mai kaurin santimita 10 zai ci wajen buhu 135. Wakilin kwamiti ya tsaya a wurin ranar zubi, ya ƙirga buhunan da aka buɗe. Yashi ya zama mai kaifi na rafi. A damƙa shi a hannu, in ya bar laka a tafin hannu a mayar da tifar. Babbar ɓarnar da lebura ke yi ita ce ƙara ruwa don shebur ya yi sauƙi. Kankaren da ke gudu kamar kunu ya rasa ƙarfinsa tun kafin ya bushe.

Bayan zubi sai ban ruwa, aƙalla kwana bakwai. A zafin bazara da busasshiyar iskar hunturu, kankare na bushewa kafin ya nuna, don haka a lulluɓe shi da jiƙaƙƙun buhuna. Cikakken ƙarfinsa sai kwana 28. Turakun da ke ƙarƙashin dakin da manyan bim (kwantaccen kankare mai rodi da ke ɗaukar nauyi) kada a cire su kafin kwana 21, ko da kafinta na son katakonsa a wani aikin.

Rodi kuma a auna kaurinsa lokacin sauke shi, domin akwai wanda ake sayarwa da sunan milimita 16 alhali bai kai ba. Inda aka haɗa biyu, su hau juna da tsawon da ya kai kaurin sau 50, wato santimita 80 ga mai 16. A sa 'yan gutsattsarin kankare tsakanin rodi da katako don kankare ya rufe shi ta ko'ina. Rodin da ya leƙo waje zai yi tsatsa, ya kumbura, ya fasa ginshiƙin daga ciki.

Wane rufi ya fi, kuma kubba da hasumiya fa?

Ga zaure mai zurfin mita 12, ƙarfen walda da dogon kwanon alminiyam mai kaurin milimita 0.55 sun fi dacewa. Katako a irin wannan faɗin yana lanƙwasa, ga gara. Iskar farkon damina, a Mayu da Yuni, ita ke yaye rufin masallatai, kuma kusan kullum dalilin ɗaya ne: an aza ƙarfen a kan bango ba a ɗaure shi ba. A zuba bim da ya zagaye saman bango gaba ɗaya, a binne farantan ƙarfe ko rodi a cikinsa, a yi waldar kowane ƙarfen rufi a kansu. Idan an yi katangar da ke ɓoye kwano, kwatar da ke bayanta ta zama mai faɗi, da indararo isassu, a kuma share ta kafin ruwan farko.

Kubbar kankare nauyi ce babba, ba a ƙara ta daga baya don wani ya yi alkawarin kuɗinta. Mahaɗarta da rufi kuma nan ne yoyo ke farawa. In ana son ta don kyau, ta ƙarfe marar nauyi ta wadatar. Hasumiya ta samu tushenta daban, a bar 'yar tazara tsakaninta da bangon zaure, domin nauyinsu ba ɗaya ba ne, zamansu a ƙasa ma ba zai zo ɗaya ba. A sa mata sandar kariya daga tsawa da jan ƙarfe har cikin ƙasa. A ra'ayinmu ita ce ta ƙarshe a jerin aiki. Turken ƙarfe mai lasifika yana isar da kiran salla.

Ina ya dace a sa wurin alwala da banɗaki?

A bayan masallaci ko gefensa, ba a jikin bangon zaure ba, don damshi na bin bango ya ɓare fenti da filasta. Mai zama a banɗaki kada ya fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya, wato a nan ya kalli kudu ko arewa. Sokawe ya nisanci rijiya ko burtsatse da mita 30, har da rijiyar maƙwabci.

Tsakanin famfo da famfo santimita 80, wurin zama mai tsayin 40, kwata mai zurfi da gangara don ruwa kada ya fantsamo wa tufafi. Tayil mai santsi a nan haɗari ne ga tsofaffi. Ruwan alwala ba najasa ba ne, kada a tura shi sokawe ya cika shi a banza. A ja shi zuwa gindin itatuwan dogon yaro da aka dasa nesa da bango da mita 5 ko fiye. A lissafa lita 3 ga kowace alwala. Tankin lita 2,000 idan ya cika ya kai tan biyu, don haka ƙarfen da zai ɗauke shi ma injiniya ya duba. A gina wannan sashen da wuri, da zarar an fara salla a wurin za a buƙace shi.

Za mu iya amfani da kuɗin zakka? Kuma yaya za mu riƙe kuɗin jama'a?

Mafi yawan malamai, har da na mazhabar Malikiyya, sun tafi a kan cewa ba a gina masallaci da zakka, don ba ya cikin kashi takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ambata. Da sadaka da wakafi ake yi. Abin da aka bayar don wani abu takamaimai, kamar rijiya ko rufi, ba a karkatar da shi sai da yardar mai shi.

Asusun banki da sunan masallaci, masu sa hannu uku, ba a fitar da kuɗi sai biyu sun sa. Kowace gudummawa da rasit, har buhun siminti ɗaya. A liƙa lissafin shiga da fita a bango duk wata. Mutane sun fi sakin hannu idan suna ganin inda kuɗinsu ya shiga. A ware kashi 10 cikin ɗari na abin da ba a zata ba, kuma ƙiyasin da ya wuce wata uku a sake shi, don farashi ba ya tsayawa. Kada a tara siminti da sunan gudun tsada: bayan wata uku yana fara daskarewa. In kuɗi ya samu kafin lokacin aiki, a sayi rodi da tsakuwa ko a buga bulo.

A raba aikin mataki-mataki: tushe zuwa daɓe, sai ginshiƙai da bango har bim na sama, sai rufi, sai ƙofofi da tagogi da waya da filasta, ado a ƙarshe. Kada a taɓa mataki sai kuɗinsa gaba ɗaya na hannu. Wurin tsayawa mai aminci biyu ne, a kan daɓe ko bayan rufi. Bango mai tsayin mita 4.5 da aka bari ba bim ba rufi, iska na iya kayar da shi. In tsayawa ta zama tilas, a shafe rodin da ya fito da ruwan siminti.

Kwangila za mu bayar ko mu sayi kaya mu ba da jinga?

Jinga ta fi araha idan akwai mai tsayawa a wurin kullum, da ɗakin ajiya mai makulli da littafin shigar kaya da fitarsu. In babu irin wannan mutum, abin da aka rage zai zube a ɓarna da ɓacewar kaya. Idan kwangila ce, a karɓi farashi daga mutum uku a kan takardar ƙididdiga iri ɗaya, a je a ga ginin da kowannensu ya yi shekara uku baya. Wanda farashinsa ya faɗi ƙasa da na sauran da nisa, a siminti da rodi zai fanshe. Kuɗin somawa kada ya wuce kashi 20 cikin ɗari, sauran a biya bayan injiniya ya duba kowane mataki. A riƙe kashi 5 har damina ɗaya ta wuce a kan rufin. Ko ɗan kwangilar ɗan kwamiti ne ko surukin liman, a rubuta yarjejeniya, kuma ya fita daga zaman da ake tattauna biyansa.

Wane lokaci ya fi dacewa a fara?

Oktoba ko Nuwamba, da ɗaukewar ruwa. Hakan na ba da wata shida zuwa bakwai a kai ga rufi kafin iskar Mayu. Haƙa a Agusta wahala ce: rami na cika, gefensa na zubewa.

Tsohon masallacinmu na ƙasa ne. Mu rushe shi?

Kada a yi gaggawa. Hasumiyar Gobarau da tubali da ƙasa aka gina ta, ga ta nan tsaye a Katsina bayan ɗaruruwan shekaru, saboda ana kula da ita. Bangon ƙasa mai kauri da rufin azara sun fi bulo da kwano sanyi nesa ba kusa ba. Abin da ke kashe su ruwa ne: indararo ya toshe, ko ruwa ya kwanta a gindin bango. A nemo maginin gargajiya ya duba azara da bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin da ke ɗauke da rufin. In suna da lafiya, a gyara yaɓe a faɗaɗa ta baya ko ta gefe da sabon gini mai tushensa daban. Shafa filastar siminti kai tsaye a kan bangon ƙasa kuskure ne, tana riƙe damshi a ciki har wata rana ta ɓallo da ƙasar gaba ɗaya.

Wuta da lasifika fa?

A binne bututun waya kafin filasta, layin fanka daban, na fitilu daban, na lasifika daban kuma nesa da wayar wuta don kada ya riƙa ƙugi. Ko ba a da kuɗin sola yanzu, a bar mata hanyar waya da ɗan ɗakin batir mai shan iska da ƙofar ƙarfe. Zauren da aka yi wa tayil har bango yana amsa kuwwa, karatun liman ya cakuɗe. Kafet da ƙananan lasifiku shida ko takwas a jikin bango, da sauti ƙasa-ƙasa, sun fi manya biyu a gaba. Na waje kuma a bar su ga kiran salla, saboda marasa lafiya da jarirai na maƙwabta.

Me za mu duba ranar karɓar aiki?

A zaga da injiniya da takarda a hannu. A buɗe kowace ƙofa da taga, a kunna kowane famfo da makunni, a zuba bokitin ruwa a wurin alwala da baranda a ga inda ya nufa. A ƙwanƙwasa tayil da filasta, inda ya yi ƙarar kwano fanko ne a ƙarƙashi. A hau rufi a duba ƙusoshi da mahaɗar kwano da bango. Tsagar da ba ta wuce silin gashi ba a filasta ba komai, amma wadda tsabar kuɗi ke shiga, ko wadda ta bi ginshiƙi ko bim, injiniya ya gani kafin a biya ragowar kuɗi. A karɓi zanen da ke nuna inda bututun ruwa da waya suka bi, a haɗa shi da takardar wakafi da ta fili da izinin gini, a yi kwafi uku: ɗaya wurin amintattu, ɗaya wurin liman, ɗaya a banki ko wurin mai unguwa.